Binciken Da Aka Ba Nata'ala

Nata'ala maci amana ne, kuma ba zan sakaya sunansa ba. An aike shi binciken aure, ya tafi da son zuciya, ya dawo da ƙarya.

"Ɗan caca ne, Dakta," in ji shi. "Da idona na gan shi a shagon kawunsa a Stratford yana wulla kwabo, mutane sun kewaye shi. Kuma cewa yake babu ƙaddara, komai dace ne."

Karimatu, wadda ake neman aurenta, tana bayan ƙofar kicin tana jin komai.

Mahaifinta Dakta Zailani likita ne, ya daɗe a Catford, ba shi da ɗan'uwan da zai aika a Landan. Shi ya sa ya wakilta ɗan amininsa. Bai san sau biyu Nata'alan yana tare ta da maganar so tana ce masa a'a ba.

"Na yi cancel ɗin maganar nan," Dakta ya ce. "Dama raina bai kwanta da yaron zangon Kumasi ba."

Washegari Karimatu ta hau bas zuwa Aldwych, ta zauna, ta miƙe, ta sake zama. A wani shagon shayi kusa da jami'a ta tarar da saurayin nata, Zuberu, wanda a shekarar nan ta 1996 yake tsakiyar digirinsa na uku a kimiyyar ƙwayar zarra.

"Karima, rabin raina, ka zauna mana."

"Ki ake ce wa mace! Sau nawa zan gaya maka?"

"Mu a zango kowa ka ne."

Ba ta yi dariya ba. Ta zayyana masa komai a tsaye.

Ya zaro kwabo daga aljihu, ya murza shi a kan tebur.

"Ga cacar. Abokan kawu ne suka tambaye ni me nake karantawa. Duba, yanzu da yake juyawa, kan Sarauniya ne a sama ko bayan kwabon?"

"Zuberu!"

"Ba za a ce ko ɗaya ba. To ƙananan ƙwayoyin nan kusan haka suke, sai an auna su suke tsayawa a gefe guda. Kwamfutar da muke mafarkin ƙerawa da su za ta yi lissafi. Dabarar ita ce amsoshin banza su riƙa kashe juna, ta gaskiya ta fi yiwuwar fitowa."

"Aurena yana rushewa kana yi mini lacca!"

Hawaye suka zubo mata. Ya rufe kwabon da tafin hannu.

"Yi haƙuri. Wallahi ban taɓa musun ƙaddara ba. Wanda ya halicci ƙwayar ya san inda za ta tsaya. Ni ne ban sani ba, shi ya sa nake lissafi. Ko kwamfutar ma tana iya ba da amsar da ba daidai ba. Ba a yarda da ta farko, sai an sake tambaya, an sake..."

Ta ɗago kai.

"Sai an sake?"

Ko sallama ba ta yi masa ba, ta suri jakarta.

Da la'asar ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Abba, in gwajin jini ya nuna mugun ciwo, nan take ake yi wa mutum aiki?"

"A'a. Sai an maimaita."

"To ni fa, Abba? Bakin mutum ɗaya kawai ka ji. Kuma mai bakin sona yake, sau biyu ina ƙin sa."

"Me ya hana ki faɗa tun farko?"

"Kunya..."

Kunya irin wannan ba tarbiyya ba ce, ganganci ce. 'Yan mata, ku ji da kyau.

Ranar Asabar Dakta ya kama hanyar Stratford da kansa. Ya tambayi limamin 'yan Gana. Ya tambayi Hajiya Awawu mai sayar da wake da shinkafa, ta riƙe haɓa.

"Zuberu caca? Wanda ko tikitin raffle na tara wa makarantar jikata kuɗi ya ƙi saya?"

Ya tsallaka wurin Bernard mai aski, wanda ko addini bai haɗa su ba. Bernard ya ce aibin yaron ɗaya ne, in ya fara bayanin ƙwayoyinsa sai kwastoma ya yi barci a kujera.

Karimatu kuwa tana ta safa da marwa tsakanin taga da ƙofa, har ta ji ƙarar makulli.

Dakta ya shigo, ya cire hula, ya dube ta.

"Ki ce ya turo kawunsa."

"Abba!"

"Kuma ki ce masa ya bar kwabon nan a gida."

Bayan babbar Sallah aka ɗaura aure. Da aka kai amarya flat ɗinsu, ango ya leƙo fuskarta ya ce, "Ka yi kyau." Wannan karon ba ta gyara masa ba.

Da shekara ta zagayo Nata'ala ya nemi 'yar wani ma'aikacin gwamnati. Uban yarinyar ya ce a yi bincike, kuma wurin Dakta Zailani aka fara zuwa. Dakta bai ƙara ba, bai rage ba, ya ce su tambayi wasu ma. Suka tambaya. Aka hana shi. Ya nemi ta biyu, aka sake hana shi.