Ƙaurin Mangwaro

"Yaushe za ki dawo, Zuwaira?"

"Mannir, wa zan bar wa Baba?"

"Ni wa kika bar wa?!"

A waya suke wannan magana. Tun rasuwar Innarta take Tsafe, tana kula da mahaifinta Malam Hamidu, wanda ba ya cin girkin kowa sai nata. Mijinta Mannir kuwa yana Gusau shi kaɗai.

Ranar ya dawo daga Bungudu da kwandon mangwaro, ya nuna luguf. Da tana nan, da tuni ta dafa shi da sukari ta ɗura a kwalba, suna shafa wa burodi.

"To gaya mini yadda ake jam ɗin nan."

"Kai?" Ta yi 'yar dariya. "Fere, ka cire ƙwallon. Zuba sukari, matsa lemun tsami. Wuta kaɗan, masoyina... kada ka daina juyawa."

Ya zauna gaban murhu yana juyawa. Gidan tsit. Idonsa ya kai kan tabarmarta a naɗe a lungu, hannunsa ya tsaya. Ƙauri ne ya dawo da shi.

Haka ya ɗura abinsa a kwalba, ya shiga motar Tsafe.

A zaure ya durƙusa gaban surukinsa, ya ajiye kwalbar. Tsohon ya buɗe, ya shinshina.

"Wa ya dafa?"

"Ni ne, Baba."

"Kai da kanka? Ba 'yar'uwa, ba maƙwabciya?"

"Ba ni da kowa sai ita."

Malam Hamidu ya lakata, ya ɗanɗana, ya ɓata fuska.

"Ya kama." Ya rufe kwalbar. "Da uwarta ta kwanta asibiti na gwada dama kunu. Haka ya yi... Zuwaira!"

Ta fito ta durƙusa.

"Haɗa kayanki."

"Baba, kai fa?"

"Uwani ƙanwata ta riƙa aiko mini tuwo, zan koyi ci. Na yi nawa zaman da matata har Allah ya raba. Ba zan cinye nasa ba."

"Baba..."

"Tashi, na ce!"

Tana kuka ta fito da jakarta. Mannir ya yi godiya. Tsohon ya riga ya juya wa ƙofa baya, don kada ya ga fitarta.