Fuskar Tiyumba a Kan Kwali

A unguwar Sakasaka ta Tamale kowa ya san ba a barin kaya a tsakar gida idan rana ta yi ja. Amma Wunpini ɗalibar zane ce, kuma ɗaliban zane ba ruwansu da magariba, bushewar fenti kawai suka sani.

Aikinta na ƙarshe a makaranta shi ne kwalin garin kunun yara, na gero da gyaɗa da waken soya. Malaminsu ya ce da hannu za a zana, a sa yaro mai dariya don uwa ta gani a kanti ta miƙa hannu. Sati uku tana zana yara tana yagewa. Ran nan hannunta ya tafi shi kaɗai, sai ga ƙanwarta Tiyumba, wadda zazzaɓi ya ɗauke shekara biyu da suka wuce. Ga wushiryar, ga kumatun nan guda da ke lotsawa in ta yi dariya. Wayar da hotunan yarinyar ke ciki ta daɗe da lalacewa, ko ɗaya ba su da shi.

Mahaifiyarsu Mma Sanatu, wadda tun ranar jana'iza ba ta sake furta sunan ba, ta tsaya kan zanen har tuwonta ya kama. Ta shafa shi da bayan yatsa.

Wunpini ta ninke kwalin ta manne, ta jingina shi a gindin randa ya sha iska. Ba komai a ciki, kwalin gwaji haka yake.

Ladan na ɗaga murya dutsen farko ya faɗo kan rufin kwano. Sai na biyu. Suka fito, ba kowa, sai kwalin a buɗe. Kashegari haka, har da wata murya a bayan randa tana kira ƙasa-ƙasa, irin kiran mai neman yaron da ya ɓuya. A magariba ta uku Wunpini ta sunkuya za ta ɗauke kwalinta, ta yanke jiki ta faɗi, idanunta suka kafe.

Aka kira Afa Issahaku, tsohon malamin unguwar. Ya zauna a kanta yana karatu har gumi ya jiƙa masa riga, sannan bakinta ya buɗe da muryar tsohuwa.

"Ya isa, Afa, kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Ta gindin randa. Na riga su zama gidan nan."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ta yaudare ni. Kullum da safe ƙaramar takan zuba mini kunu cokali guda a ƙasa, ta ce ƙawata sha. Sai aka daina. Na yi ta jira, ba wanda ya ce mini komai. Yanzu an kawo fuskarta an ajiye a ƙofata. Na buɗe, ba kowa. Na sake buɗewa, ba kowa. Ina kuka ɓoye ta?"

Mma Sanatu ta dafe bango. Sau nawa ta ja kunnen yarinyar nan kan zubar da kunu!

Afa ya dube ta. "Mma, ke za ki faɗa mata. Daga bakina ba za ta yarda ba."

Mma Sanatu ta matso kusa da Wunpini. "Tiyumba ta rasu. Tiyumbata ta rasu."

Kukan da ya fito daga ƙirjin Wunpini ba na ɗan Adam ba ne, amma duk uwar da ta ji shi ta gane shi. Mma Sanatu ta durƙushe, su biyu suka yi ta yi. Afa bai hana su ba.

"To zan zauna a jikin wannan," in ji muryar. "Hannunta ya san fuskar, ta riƙa zana mini."

"Ba za ki zauna ba. Kin ga numfashinta yana yin ƙasa. Nemi wani abin."

"To ku ba ni fuskar in tafi da ita. Ta kwalin, da ta hannun wannan, da ta idon uwar. Ba na son rabi."

Afa ya sunkuyar da kai. "Mma, kin ji."

Ta ɗauki kwalin, ta daɗe tana kallon dariyar kamar mai haddar karatu. Sannan ta dubi wadda ke kwance, ta mayar da shi gindin randa.

"Ɗauki. Bar mini mai rai."

Wunpini ta yi atishawa sau uku, ta buɗe ido ta nemi ruwa. Tun daga ranar ko tsakuwa ba ta sake faɗowa gidan ba.

Kwalin yana nan da ruwan ɗorawarsa, da kwanon kunu, da cokali a sama, amma inda fuskar take fari fat. Haka Wunpini ta miƙa shi, malaminsu na zane ya ce aiki bai kammalu ba. Ta cika littafi guda da fuskokin yara tana neman ta Tiyumba, duk 'ya'yan wasu.

Wata safiya Mma Sanatu tana dama kunu sai ta tsaya da ludayi a hannu.

"Wunpini, wane kumatun ne yake lotsawa? Na dama ko na hagu?"

Wunpini ta buɗe baki, ta rufe. Suka zauna suna kallon juna har kunun ya huce.