Zanen da Nyawira Ta Yaye

"Baba... Murage bai sani ba."

Githinji ya ajiye kofin shayinsa. Dangin ango Murage sun cika tsakar gida suna waƙa, ita kuwa Nyawira, 'yarsa tilo, sai shafa ƙullutun gaban wuyanta take yi.

"Ba ki faɗa masa ba?"

"In ce masa me? Likitan ma bai ce e ba, bai ce a'a ba."

Tun ranar da aka zuƙo ɗan nama daga ƙullutun da allura don gwaji, Githinji bai ci abincin kirki ba. Sai mata suka shigo suka janye ta.

Aka fito da 'yan mata a jere, kowacce an lulluɓe ta da zane har ƙafa, don ango ya gane tasa. Murage ya taso yana murmushi.

"Ɗana, zaɓi da kyau," in ji Wakonyo, gwaggon ango, da ƙarfi. "An ce akwai mai ciwon daji a layin nan."

Waƙa ta tsaya cak.

Githinji ya gane inda zancen ya fito. Wacera ce kaɗai ta raka Nyawira asibiti, ƙawarta da ta daɗe da sa ido a kan Murage.

Sai wani zane ya faɗi ƙasa. Nyawira ce ta yaye nata.

"Yarinya, an taɓa yin haka?" wata tsohuwa ta riƙe baki. "Kin ja wa ubanki tarar akuya."

"A ci," in ji Nyawira. "Murage, ba za ka zaɓe ni a rufe ba. Gwajin bai tantance ba. Likita ya ce yawancin masu irin sakamakona ba daji ba ne, amma sai an yi aiki an cire ɓangaren da ƙullutun yake za a tabbatar. Ko shi ne ma, irin wanda ake warkewa ne... Ban ƙara ba, ban rage ba."

"Shi ya sa kika daina ɗaga wayata?" in ji Murage.

Ta sunkuyar da kai.

"Ni ina can ina tsammanin wani mai mota ya yi mini ƙafa."

"Tashi mu tafi, Murage," in ji Wakonyo.

"Gwaggo, ban ci abinci ba tukuna." Ya juya wajen matan. "Iyayena, ku mayar mata da zanen. Ban zaɓa ba ai."

Suka rufe ta, suka cakuɗa layin. Bai ko kalli sauran ba, ya nufi wadda kafaɗunta ke girgiza da kuka.

"Abar ƙaunata, yaushe ne aikin?"

"Wata mai zuwa..."

"Tare za mu je."

Guɗa ta tashi. Githinji ya nufi garke da kansa, yana goge ido, ya kamo akuyar da ta fi ƙiba don biyan tarar.