Gwangwani a Wuyan Keken Shiru

Akwatuna shida ne jere a kusurwar ɗakin Inna, an lulluɓe su da tsohon zanen gado, kuma yau kwana goma sha biyu ke nan ba wanda ya ɗaga zanen. A da kuwa, ko maƙwabciya ce ta shigo aron rariya, sai Inna ta jawo ta ta ga lefen Safiya.

Safiya na bakin murhu tana dama kunu. Ta zuba a kofi, ta kai ɗakin mahaifinta Malam Magaji, ta fito da na safe wanda ko taɓa shi bai yi ba. Ba ta kuka. Har mata sun fara yi da ita, wai zuciyarta ta ƙeƙashe. Alhali tun ranar da aka shigo da Malam Magaji ranga-ranga ƙafarsa na lilo, wani abu ya ɗauke a cikinta kamar yadda wuta ke ɗaukewa. Tana ci, tana salla, tana shara, amma ba ta jin daɗin komai, ba ta jin zafin komai.

Malam Magaji masunci ne tun kaka da kakanni. Shekara ashirin ke nan da idonsa ya tafi, amma duk Yelwa ba wanda ya taɓa ganin ana ja masa sanda. Kunnensa ya ishe shi. Masallacinsu na tsallaken titin da ya gangara bakin ruwa, sau biyar a yini yakan tsaya a gefen kwalta, ya karkata kai, ya ce, "Waccan motar kifi ce daga Wara, wancan kuma babur ne mai fasasshen salansa." In sun wuce ya tsallaka abinsa, hankali kwance.

Ana nan sai wani kamfani ya kawo sukuta masu aiki da lantarki, guda arba'in, kore shar. Aka jera su a tasha da kasuwa da ƙofar makarantu. Ka haska lambar da wayarka, ta buɗe, ka hau a tsaye, ka je inda za ka, ka ajiye wa na bayanka. Samari suka ɗimauce a kansu, har wanda zai je sayen kati a bakin layi sai ya hau. Tsofaffi kuma suka raɗa musu suna keken shiru, don ko kusa da kai suka zo ba ka jin motsinsu. Makanikin da ke kwashe su kullum ya kai caji, ya gyara masu ciwo, shi ne Jalaluddeen, wanda aka sa ranar aurensa da Safiya.

Ran wata Talata kafin la'asar, Jalalu ya gangaro a kan ɗaya. Malam Magaji ya saurari titi, ya ji ba kowa, ya sako ƙafa, sukutar ta kaɗe shi. Mutanen da ke wurin duk bakinsu ɗaya: yaron ya hango tsohon tun daga nesa, kuma bai danna hon ba.

Safiya na wanke kofin kunun, sai ƙarar babur ta cika ƙofar gida. Baffa Gambo ne, ƙanen Malam Magaji, wanda ya yi shekara goma sha takwas yana kabu-kabu. Tun da keken shiru suka fara ɗauke masa fasinja yake neman inda zai sauke haushinsa, sai ga shi an kawo masa har gida. Ya leƙa ɗakin yayansa ya yi sannu, bai sami amsa ba, ya dawo tsakar gida.

"Tabawa," ya ce wa Inna, "in Yaya ba shi magana, mu muna da baki. Yaron da yat taka uban yarinya bisa titi, shi za mu ɗauki ɗiya mu ba? Mi za mu hwaɗa ma mutane?"

Inna ta share ido da bakin zane. "Ni ban san mi ni ka cewa ba, Gambo. Yaron ga ko ruwa ba shi iya sha gabana."

"Baffa," Safiya ta ce, muryarta ba hawa ba sauka, "kunya ce ta hana shi yin hon. Na san halinsa. Tun daga bakin layi yake cire takalmi in zai gaida Baba. Ta yaya zai yi masa hon kamar wani ɗan fasinja?"

"Kunya? To ga kunya can kwance an ɗaure ta da kara da tsumma. Ke har kina da bakin kare shi, ubanki na cikin ɗaki?"

Baffa ya yanke magana: ranar da maɗori zai kwance ɗori, kwana arba'in cif, in har Yaya bai ce komai ba, shi da kansa zai mayar da akwatunan gidan su Jalalu. Kafin nan ba waya, ba aike, ba tsayuwa a zaure. Inna ta karɓi wayar Safiya ta jefa a cikin kwalla. Safiya ta miƙa ta ba musu, ko a jikinta, ta koma ta ci gaba da wanke kofi.

Jalalu bai daina zuwa ba. Kullum bayan la'asar zai zo ya zauna a ƙasa nesa da dakali, ya sunkuyar da kai har a kira magariba. Baffa ya kore shi ya fi sau goma, har ya gaji ya ƙyale shi. Safiya takan hango ƙafafunsa ta ƙasan labulen zaure. Tana son sa, ta san haka kamar yadda ta san sunanta, amma ko son ma ya yi sanyi ya kwanta.

Rana ta ashirin, ta ajiye kunu za ta fita, sai ta ji muryar mahaifinta a dishe.

"Safiya."

"Na'am, Baba."

"Ba ƙahwar ka damuna ba. Na tsaya, na saurara, titi yac ce mani ba kowa. Shekara ashirin bai taɓa yi mani ƙarya ba." Ya numfasa. "Ko ta warke ba ni sake hita. Sai dai a ja ni, ni kau ba a ja na."

Ya mayar da fuskarsa bango. A nan ta gane cewa in dai bai sake tsallaka titin nan da kansa ba, ba zai taɓa buɗe baki a kan maganar aurenta ba.

Da za ta zubar da shara, idonta ya kai kan wasu gwangwanaye da ke rataye a ƙusa cikin zaure, sun yi tsatsa. Bayan makanta ta same shi, Malam Magaji ya ƙara shekaru yana kamun kifi. Yakan zuba tsakuwa a gwangwanin tumatir, ya matse bakin, ya ɗaure a jikin igiyar ƙugiya. Kifi na ja, gwangwani ya yi kacau-kacau, ya san inda zai miƙa hannu. Tun tana ƙarama ita ce mai tsinto masa tsakuwar.

Ta ciro ɗaya. A bakin layinsu akwai sukuta da wani ya yasar a gefen kwata, kamar yadda suka saba yasar da su duk inda suka ga dama. Ta tsuguna, ta ɗaura gwangwanin a wuyanta da zaren taru, ta yi irin ƙullin da Baba ya koya mata. Ba ta yi addu'a ba, ba ta sa rai ba. Ta dai ɗaura, ta koma gida.

Da yamma Jalalu ya zo kwasar kekunan. Yana tura wannan sai ta yi kacau-kacau. Ya tsaya ya daɗe yana kallon ƙullin. Ran nan bai zauna a ƙofar gida ba, masu sayar da abinci a tasha ne suka ga makanikin kamfani yana bin su yana roƙon gwangwanin tumatir.

Kwana biyu ya ɗauka ya gama da duka arba'in ɗin. Titunan Yelwa kuwa, Allah ya hore musu ramuka da gargada, ba sai an roƙi gwangwani ya yi ƙara ba. Samari suka fusata.

"Haba Jalalu, ka ɓata mana sitayil! Mutum ya ci gayu ya hau abu yana ƙara kamar akuyar da aka rataya wa ƙararrawa?"

Su tsinke da rana, shi kuma ya sake ɗaurawa da safe. Aka sa masa suna Jalalu Gwangwani, har yara na bin sa da shi. Manaja ya kira shi ofis ya ce ya zubar wa kamfani da aji, ko ya cire ko ya ajiye aiki.

"Oga, sai dai in ajiye," in ji shi. "Amma duk wanda ka ɗauka a madadina, zan riƙa bin bayansa ina ɗaurawa."

Mata masu shanya kifi a bakin hanya ne suka cece shi. Su ma keken shiru sun sha firgita su da 'ya'yansu. Suka yi gayya suka je ofis da kwandunansu, manaja ya ga ba sarki sai Allah, ya ce a bar gwangwani.

A ɗaki kuwa, wata safiya Malam Magaji ya juyo daga bango.

"Mi na wanga ni ka ji?"

"Keken shiru ne, Baba."

"To ina shirun?"

Ya karkata kai yadda ya saba. "Wancan daga tasha yah hito. Tsakuwa ukku gare shi. Na bayanshi sauri shikai, yaro na bisa." Ran nan ya shanye kununsa tas. Kullum daga nan sai ya sa a buɗe masa taga. Amma game da aure, ko uffan.

Ranar arba'in maɗori ya kwance ɗori da hantsi, ya ce ƙashi ya kama. Azahar na yi Baffa Gambo ya iso da a-daidaita, ya sa aka fito da akwatunan tsakar gida. Inna na kuka a bakin ƙofa. Safiya ce ma ta taya shi ɗauko na ƙarshe, ta ajiye, ta tsaya tana kallonsu kamar kayan wata.

Aka kira la'asar. Sai ga Malam Magaji a ƙofar ɗakinsa.

"A ba ni sandata."

"Yaya, bari in kama ka."

"Wanda duk yat taɓa ni, ban yahe ba."

Ya fita yana ɗingishi, Baffa na biye da shi a nesa. Safiya ta zura hijabi ta tsaya a bakin zaure, daga nan ana hango kwalta. Jalalu yau ya zo da wuri, yana zaune inda ya saba, ya miƙe tsaye. Tsohon ya kai gefen titi ya tsaya. Motar kifi ta wuce. Babur ya wuce. Ya ɗaga ƙafa, sai kuma ya mayar. Can daga wajen kasuwa kacau-kacau ta taho, ta matso, ta gifta ta gabansa, ta yi nisa. Ya ƙara saurarawa. Sannan ya sako sanda, ya tsallaka shi kaɗai.

Da aka idar da salla ya dawo kamar yadda ya tafi, ya zauna a kan dakali yana haki.

"Jalalu. Matso, na ji warin girisinka tun ɗazu."

Jalalu ya rarrafo ya durƙusa.

"Ran nan ka gane ni?"

"Na gan ka, Baba."

"Mi yah hana ka yi hon?"

"Kunyarka na ji. Hannuna duk baƙin mai, ga ni tsaye ƙiƙam a kan abu. Na ce bari in wuce a hankali, in na yi wanka in zo in gaishe ka."

"Kunyata kaj ji, ko kau cewa kay yi makaho na, ba shi ganina?"

Safiya ta ji zuciyarta ta buga, karo na farko cikin kwana arba'in. Hawaye suka zubo wa Jalalu.

"Duka biyun, Baba."

Malam Magaji ya gyaɗa kai. "Da ka ce kunya kaɗai, da na bar Gambo ya tahi da kaya. Ba ni ba maƙaryaci ɗiyata. Ka amshe mani titi, ka maido mani shi, kuma ka hwaɗi gaskiya. Na yahe. Amma daga yau in ka hange ni, ka yi mani hon. Umurni na." Ya juya. "Gambo, maida akwatunan ga inda kaɗ ɗauko su."

Baffa ya shiga ciki yana gunaguni.

"Saura magana guda," in ji tsohon, ya juya fuskarsa daidai bakin zaure. "Cikin gwangwanayen nan arba'in akwai guda da ba irin sauran ba. Tsakuwar bakin ruwa ta cikinshi, kuma ya tsuhwa. Na san muryar kayana. Wa yah hitar mani da shi?"

"Ni ce, Baba."

"Na sani. Allah shi yi maki albarka."

Sai a lokacin kukan ya zo mata. Ya zo gaba ɗaya, na ƙafar Baba, da na akwatuna, da na ƙafafun da take hangowa ta ƙasan labule. Ta durƙushe a zaure tana yi, Inna ta rungume ta, ita ma tana taya ta.

Bayan sati uku aka ɗaura aure. Haƙurin Safiya bai zama na naɗe hannu ba, ta yi biyayya ga iyayenta, ta kuma nemo abin da ke ciwo ta yi masa magani. Kunya ado ce, amma duk kunyar da za ta hana ka faɗakar da mutum a kan abin da zai cuce shi, ba girmamawa ba ce, kuma wanda ya yi kuskure ya gyara da hannunsa kafin ya nemi gafara da baki.

Har yau in Jalalu ya hango surukinsa a bakin titi, yakan danna hon sau ɗaya, gumi na keto masa, sannan ya sauka ya cire takalmi ya durƙusa.