Ba Gajiya

Kowace safiya Tausayi na tsaye a ƙofar masaƙar Alhaji Nafi'u da ke Sabuwar Funtuwa, tana gaishe da ma'aikata ɗaya bayan ɗaya. Na'ura ce doguwa mai idon gilashi da muryar dattijuwa.

"Malam Tasi'u, ina gajiya?"

"Ba gajiya," in ji shugaban masaƙan, yana jan ƙafa.

Injiniya Barira ce ta ƙera ta. A zamanin nan kowane matashi na da injin saƙa a ɗakinsa, kuma albashi kaɗai ya daina riƙe mutum, sai in ya ga ana tausayin jikinsa. Shi ya sa aka tsara Tausayi ta tambayi kowa, ta miƙa amsar ga kwamfutar rabon aiki: mai gajiya a rage masa, marar gajiya a ƙara masa.

Amma sai mutane suka riƙa sulalewa. Da Malam Tasi'u ya ce shi ma ƙarshen wata zai ajiye aiki, hankalin Barira ya tashi, don in ya tafi sauran za su bi shi, masaƙa ta mutu.

Ta same shi a gida, ƙafafunsa a kumbure cikin roba da ruwan ɗumi.

"Baba, ina gajiya?"

"Ba gajiya, 'yata."

Ta dubi ƙafafun, ta dafe kai. Baiwar Allah Tausayi, ashe amsar gaisuwa take ɗauka a matsayin rahoto, ana ta ƙara wa kowa aiki! Wane Bahaushe ne za a gaishe shi ya ce ya gaji? Tausayin tsohon ya cika Barira, har da kunya.

"Baba, ka ba ni mako guda."

Ta koya wa na'urar ta bar kalma ta saurari murya: nauyin numfashi, rawar maƙogwaro. Ran Litinin Tausayi ta gaishe da kowa, kowa ya ce ba gajiya, ita kuwa ta ƙi buɗe ƙofa.

"Ku koma gida ku huta. Injiniya, har da ke."

Alhaji Nafi'u ya sauko daga motarsa mai tashi yana faɗa. "Wa ya rufe mini masaƙa? Ga kaya ana jira a Agadas!"

Tausayi ta saurare shi har ya kai aya.

"Ranka ya daɗe, kai ka fi kowa gajiya."

Dariya ta ɓarke. Malam Tasi'u ya matsa masa wuri a kan benci. "Zauna, Alhaji, mu ga iyakarta. In haka za ta riƙa yi, ni na fasa tafiya."

Alhaji ya zauna yana lissafa asarar da za a yi. Bai kai ƙarshe ba kansa ya kwanta a kafaɗar Tasi'u, ma'aikata kuwa suka rage murya kada su tashe shi.