Gahawar Neman Auren Mersiha

"Wa ya aike ka, Elvedin? Wa ya ce ka gayyato shi?"

Mersiha ke nan, tsaye a matakalar sashen shari'a na jami'arsu a Sarajevo, baƙar rigar lauyoyi na rataye a kafaɗarta. Elvedin, saurayinta kuma ɗan ajinsu, ya yi tsuru-tsuru. Shi a dole gwaninta ya yi, ya kira mahaifinta a ɓoye daga Zenica don ya ga 'yarsa a kotun gwaji. Ya manta cewa a darasin dokar kare haƙƙin ɗan Adam ta duniya ba ɗalibi ke zaɓen ɓangarensa ba, ƙuri'a ake yi. Tata ƙuri'ar kuwa ta faɗa kan kare wani kwamanda na ƙage, wanda ake tuhuma da kwashe mazan wani ƙauye.

Haka aka kwashe Baffa Sakib, ƙanin mahaifinta, lokacin yaƙi, har yau ko ƙashinsa ba a gani ba. Dominsa ma ta shiga wannan karatu. Sai ga mahaifin nata, Baba Hajrudin, a kujerar baya cikin kwat ɗinsa ta zuwa biki, yana jin 'yar cikinsa tana cewa shaidu ba su isa ba. Kafin ta zauna ya fice.

"Masoyiyata, wallahi alheri na nufa..."

"Garin neman gira ka sa mun rasa ido! Ran Asabar fa iyayenka za su zo neman aurena."

Ta isa gida da fargaba. Baba bai yi faɗa ba, kuma hakan ya fi mata duka ciwo. Ta bi shi lambu tana bayanin ƙuri'a, shi kuwa yana ta tsinkar tumatir abinsa.

Asabar ta yi, baƙi suka cika falo. A al'adarsu, kowa ya san ba da baki ake ba masu neman aure amsa ba. In gahawa ta fito da sukari an ba su, in ta fito da ɗaci sai su nemi takalmansu. Mama ta tashi za ta dafa, Baba ya ce ta zauna, yau shi zai yi. Mutumin da ko ruwan zafi bai taɓa ɗorawa ba!

Ya dawo da faranti, ya miƙa wa Elvedin ƙaramin kofi. Bawan Allah ya kurɓa, ya yamutse fuska, ya kama tari. Mersiha ta runtse ido.

"Baba..." in ji shi da ƙyar. "Wannan ai zuma ce."

Ashe rabin gwangwanin sukari tsohon ya juye, wai kada a yi masa mummunar fahimta. Falo ya ɗauki dariya, Mersiha kuwa kuka ya ƙwace mata, ta durƙusa a gabansa.

"Na zaci ka yi fushi da ni, Baba. Na ga ka fita..."

"Kuka na fita yi, 'yar nan, ba na son abokanki su gani." Ya ɗora hannu a kanta. "Ranar da suka tafi da Sakib, babu wanda ya miƙe ya ce ina shaida. Ke kin miƙe, har don irinsu. Ashe dai ba mu zama kamar su ba."

Ta ce masa ranar da aka gurfanar da waɗanda suka tafi da Baffa Sakib, a ɓangaren masu ƙara zai same ta.

"To ki gama karatun tukuna," ya ce. Ya juya ga Elvedin, wanda ke ƙoƙarin tura kofin bayan faranti. "Kai kuma surukina, shanye. Ni na dafa."