Yaɓen Rumbu a Ƙarƙashin Ɗakin Ummaru

Da hantsi aka ɗauke gawar Sakinatu daga kan hanyar Tsiga. Can gaba kaɗan ɗakin tafi-da-gidanka yake tsaye, irin mai taya biyun nan da Turawan aikin hanya suka bari a Funtuwa. Mijinta, Ummaru tela, shekaranjiya ya saye shi don ya riƙa bin kasuwanni da kekensa na ɗinki. Akori-kura na jan ɗakin, katakon ƙasa ya ɓurme, Sakinatu da ke ciki ta faɗo.

Sajan Buba ya tsare direban akori-kurar, wani mai suna Bature.

"Gudu kake yi."

"Ranka ya daɗe, ko jaki sai ya wuce ni."

"Me ya kai ta ciki?"

"Matar aure ce. Kusa da ni za ta zauna?"

Sajan ya kwanta ya shiga ƙarƙashin ɗakin. Ruwan damina ya cinye katakon, yatsa ma huda shi yake. An toshe ramukan da jar laka haɗe da ciyawa, an shafe da baƙin mai. Daga sama kuwa sabuwar leda. Ya ɓanɓaro yaɓen ya sa a aljihu.

Adekunle makanike ne ya fara sayen ɗakin a gwanjo.

"Wani dattijo na sayar wa, Sajan, ban tambayi sunansa ba. Na ce Baba, wannan ɗakin kaji ne. Ni da zan ɓoye rami, ai walda zan yi. Ina ruwana da laka?"

Sajan ya sami Ummaru a zaure, idanu sun kumbura.

"Ka leƙa ƙasansa kafin ka saya? Ka ɗaga ledar? Ka taka kowace kusurwa, ka sansana? Tsohon ɗaki irin wannan, daga ƙasa ake fara duba shi."

"Baba ne ya kawo cinikin, ya ce na wani Alhaji ne a Malumfashi. Yana tsaye ya ce lafiya lau. In durƙusa ina binciken maganar surukina a gabansa?"

"Mene ne sana'arsa?"

"Ginin rumbu."

Sajan ya bi Malumfashi unguwa-unguwa. Babu wannan Alhajin.

Sai da masu ta'aziyya suka watse bayan la'asar ya zauna gaban Malam Mudi, mahaifin Sakinatu. Ya ajiye yaɓen a kan tabarma.

"Allah ya jiƙan ta, Baba. Direba bai yi gudu ba, makanike ba ya taɓa laka. Wannan kwaɓin rumbu ne, har shafar hannun a zagaye take. Kai ka saya, kai ka toshe, ka ƙirƙiro Alhaji. Ka san Ummaru ba zai duba ba."

Tsohon ya kalli lakar.

"A saki direban nan," in ji shi. "Na ɗauka kafe shi zai yi a bakin kasuwa ya zama shago. Wallahi ban san ja za a yi ba."

Ankwa na aljihun Sajan, bai fito da ita ba.

"Ranar da nake kwaɓin ta zo gaishe ni," in ji Malam Mudi. "Ta ce Baba ka huta. Ita ta ɗebo mini ruwan."